Bango Ɗaya

Daga Sabon Gari na ɗauko ta,
baƙar sifika mai gurnanin ciki.
Daren farko a Gwaram
na murɗa ta kaɗan.

Da safe Gwaggo Tabawa ta nuna mini
ƙasar bango a kununta.
"Malam, ba waƙar nake ji ba,
bugun ne ke bin ƙafar gadona."

Na janye ta taku biyu daga bango,
na ninke buhuna uku ƙarƙashinta,
na girke kofin ruwa a ƙasa:
in ya yi rawa, in rage.

Yanzu bayan isha'i
mage ce, a kunnena kaɗai.

Jiya Gwaggo ta leƙo:
"Lafiya dai? Ta mutu ne?
Shirun nan ya hana ni barci."