Alhamis ɗin Malam Ɗayyabu

A Ƙofar Marusa injina yake,
na matsar gyaɗa, gadon mahaifina.
Jarka goma a yini in an bar wuta,
in an ɗauke, mu zauna mu dubi juna,
ni da Rabe da ƙudan da ke bin tunkuza.

Ban iya lissafi ba, ban taɓa ɓoyewa ba.
Shi ya sa duk Alhamis bayan la'asar
Malam Ɗayyabu ke jingine babur jikin darbejiya.
Akanta ne da ya ajiye aiki,
ba yarona ba, ba ubangidana ba,
hayar kansa nake, awa biyu,
dubu biyar da kofin shayi.
Ya lashi yatsa, ya buɗe littafi,
ya ce, "Bishir, riba ba ta son duhu."

Sai ɗan ƙanwata ya zo hutu,
ya zuba mini wata aba cikin waya,
ƙirƙirarriyar basira, in ji shi.
Ba ta shan shayi, ba ta zuwa jana'iza,
biyun dare ka tashe ta, ta amsa ba hamma.
Na ɗauki hoton littattafan shekara uku na ba ta.
Kafin buta ta tafasa
ta ce buhu goma sha ɗaya sau biyu aka biya,
ga rana, ga shafi, ga sunan dillali.

Malam ya zo, na nuna masa.
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
ya bi layi da farce har ƙasa.
Ya daɗe. Ya ce, "Ta yi gaskiya. Idona ya tsallake."
Ran nan shayinsa hucewa ya yi.
Ni kuwa, Allah na tuba, zuciyata na ninka
dubu biyar sau huɗu, sau goma sha biyu.

Alhamis uku ina ce masa da uzuri.

A ta huɗu wayar ta jero masu bashi,
Indo mai ƙosai ce a sama:
wata huɗu ba ko sisi, a yanke mata mai.
Har ta tsara saƙon, da sallama, da godiya,
kalmomi sumul kamar an bi su da dutsen guga.
Yatsana na kan turawa na ji kukan babur.
Ban kira shi ba. Wai biro ya manta.

Ya karanta, ya ajiye wayar kamar ƙwai.
"Kai yaron da take aikowa ka sani.
Indo takaba take, saura kwana tara.
Kaskon da babanka ya fara suya da shi
na uwarta ne, aro, ba ta taɓa tambaya ba.
Wannan ba ya littafi. Ni ma ban rubuta ba."

Na ce bari in ji ta bakin wayar.
Ta ce, "Ban san haka ba. Abin da ka ba ni na auna."
Ban ga laifinta ba.
Sikeli ba ya tambayar hannun da ya ɗora
me ya sa yake rawa.

Yanzu ita ke kwana tsintar tsakuwa cikin lambobi,
shi ya zo sau biyu a wata, ba huɗu ba.
Mun yi wannan cinikin kai a sunkuye,
bai ji daɗi ba, ni ma haka.
Yakan dubi abin da ta ware,
ya ce wannan tsakuwa ce, zubar,
wannan kuwa gyaɗa ce, ƙasa ce ta rufe ta.

Jiya na iske shi, tabarau bisa hanci,
yana gardama da ita kan kuɗin haraji.
Indo ta aiko jarka biyu wanke tas
da dubu bakwai ƙulle cikin leda.
Na ce wa wayar ta rubuta, ta rubuta.
Malam ya ce, "Saura ya haƙuri."

Wannan kam na sa takalmi,
na kai da ƙafata.