Leda Ɗaya

Ranar Talata ban buɗe gareji ba.
Na kankare baƙin mai daga farcena da kalanzir,
na hau keke daga Panteka zuwa asibiti,
na naɗe hannun riga.
Allura mai kaurin tsinken tsire.
Ina kallon ledar tana kumbura a hankali,
tana nauyi, da ɗuminta,
har aka ɗaure bakinta,
aka rubuta sunan Baba: Dogara Tanimu, gado na tara.
Suka ba ni lemon kwalba. Na sha a tsaye, jiri na ɗibata.

Laraba aka shiga da shi.
Awa uku ni da Iya Kande a kan benci,
carbinta ya zagayo ya sake zagayowa.
Da suka turo shi, leɓensa kamar an shafa toka,
a sandar ƙarfe kuwa ruwa ne zalla ke ɗiga.
Na nemi ja. Ban ga ja ba.

A baranda na tare Dakta Kuyet.
Na ce, ina jinin?
Nawa ne, don ubana na bayar. Ko an sayar?
Iya ta ja mini gefen riga.
Ita ko ta zare hular tiyata, ta share goshi,
ta dubi farcena da bai gama fita ba,
ta ce, kanikanci kake?

Ta ce, in aka kawo maka mota,
ka zaro sandar awo, mai ya sauka amma bai taɓa layin ƙasa ba,
kana ɗura galan guda don kana ƙaunar mai motar?

Na yi shiru.
Na san injin da aka cika wa mai,
na san tarinsa da shuɗin hayaƙinsa.

Ta ce, ya zubar, amma bai kai ba.
Awonsa ashirin da takwas.
Zuciya na tafiyarta, numfashi lafiya, fitsari na zuwa.
Jini ba kunu ba ne da ake ƙara wa baƙo don kara.
Ko na ɗa ne, baƙo ne a jikin uba:
yakan zo da zazzaɓi,
yakan cika huhun tsoho da ruwa.
In awo ya faɗi, in zuciya ta fara gudu,
ko tsakar dare ne za mu rataya.
Ledarka na firji. Bari ta jira.

Ta jira.
Alhamis, ashirin da bakwai.
Juma'a Baba ya nemi shayi, ya ce sukari ya yi kaɗan,
ya yi faɗa a kan batirin rediyonsa.
Aka rubuta masa ƙwayoyin ƙarin jini,
aka ce hanta, zogale, alayyahu.

A daren nan ne ruwa ya tsuge.
Ina kwance a tabarma ƙarƙashin gado
wata nas ta taɓa ƙafata da tocila.
Ta ce an kawo mace daga Kakuri,
an ciro ɗa, jini ya ƙi tsayawa,
irinku ɗaya. Ka yarda?
Ban gama ɗaga kai ba ta ruga,
takalminta na ƙara a siminti.

Ban ga fuskarta ba. Ban tambayi sunanta ba.
Da asuba dai na ji jariri yana tsala kuka,
da wata murya, siririya, a gajiye,
tana cewa a miƙo mata shi.

Baba yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci.
Ni kuma in na ƙetare gada zuwa kudu sayen kaya,
na ga mace da goyo tana ciniki,
nakan rage tafiya.

Jiya wani direba ya ce, cika shi dam, malam.
Na zaro sandar, na goge ta da tsumma,
na mayar, na sake zarowa,
na ɗaga ta ga haske, na nuna masa layin.