Jinin Zoɓo

Ni na dafa jinin.
Zoɓo ne da sitaci, kwano biyu,
a tsohon gidan Kwara na bayan Kantin Kwari
inda jemagu suka gaje benen.

Littafin tun ina aji uku na karanta shi,
cikin bargo, har tocila ta mutu.
Yanzu ga Sabitu da fiƙoƙin roba
yana shinshinar wuyan Hajjo,
darakta na ihu a rage haske.

Daren ƙarshe aka ɗauke wuta.
Muka ji tsotso, sannu-sannu,
kamar yaro da mangwaro.
Da janareta ya tashi,
gemun Sabitu jajawur, yana ɗiga.

Kowa ya tafa.
Ni kaɗai na san
zoɓona ya ƙare tun la'asar.