Laba Hamsin da Na Cire

Ƙarfe biyar da rabi na buɗe ɗakin ƙarfe.
Afrilu ce a Nebraska, gonakin masara ba su farka ba,
ragowar ƙanƙara na kwance bayan makaranta
kamar wankin da aka manta.
Fitilar rufi na ƙifta ido tun bara, ba wanda ya gyara.

Orrin Kucera ya riga ni ƙofa,
hula a karkace, rabin burodi a baki,
warin man tarakta a wuyan riga.
Shekara sha bakwai.
Jiki ɗaya, masu shi uku.

Da kaka, kocin zari-ruga ya ce masa,
ci, yaro, ƙara loma, bango nake nema.
Da sanyi ya kama, na kokawa ya ɗora shi a sikeli,
sauke laba takwas kafin Asabar.
Ina zana ɗakunan zuciya a allo,
shi yana can baya yana tofa yawu a kofin takarda.
Yanzu kuma besbol:
hannun nan ya koma bulala,
jifa tamanin ranar Juma'a,
kuma kafaɗa kar ta ce uffan.

Ni ce ta huɗu, wadda ba ta da kofi a kabad.
Nawa rabon shi ne abin da ya rage.

Ya jera faya-fayai a sanda, ɗari biyu da saba'in da biyar,
ya shafa alli a tafi, ya sa wuya.
Na zare ashirin da biyar a dama,
na zagaya, na zare na hagu.
Ya ce, Malama Ostrander, a Nuwamba
wannan buhun audugana ne.
Na ce, Nuwamba ba ta jifa ranar Juma'a.
Tsuguna sau uku, ka tashi da sauran ƙarfinka a aljihu.

Na miƙa masa jar roba, na ɗaure a marikin ƙofa.
Ya dube ta kamar na ba shi abin wasan goyo.
Ja a hankali. Gwiwar hannu manne da haƙarƙari.
Akwai 'yan jijiyoyi huɗu a bayan kafaɗa,
madubi bai san da su ba,
'yan mata ba sa tambayarsu,
su ne ke taka birki bayan ƙwallo ta tafi.

Ban gaya masa ba
abin da ya sa gwangwanin shayina ke zama a kanta ta ƙasa,
ko me ya sa nake rubutu rabin allo kawai.
Ni ma na yi sha bakwai.
A bakin ƙofa tuluna ya fashe.

Juma'a, awa biyu a bas mai ruwan ɗorawa,
iska na fizgar hula, iyaye cikin bargo.
Ya yi zagaye shida. An ci mu uku da biyu.
A hanyar dawowa ya yi barci, jakar ƙanƙara a kafaɗa,
tana ɗiga a kan littafin lissafi.

Litinin, ƙarfe biyar da rabi.
Ya jera ɗari biyu da saba'in da biyar.
Ban motsa ba. Ina shan shayi.
Ya tsaya. Ya yi tsaki.
Ya zare na dama da kansa, ya jefar da ƙara
don in san ba yarda ya yi ba.

Na leƙa baranda, ga kocin zari-ruga tafe,
takardar Agusta a hannu,
yana auna faɗin bayan yaron da ido.

Na tura ƙofa da ƙafa.
Saura na hagu, Orrin.