Guga Takwas

Ƙarfe biyun dare a Sabon Gari,
fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan.
Jibi Salla,
manhajar da na rubuta wa tashar Alhaji Kanta kuwa ta sandare.
Ba mutuwa ta yi ba. Cijewa ta yi,
kamar jakin da ya hango gada.

Mutum ɗari uku na danna waya:
wannan Yamai, wancan Agadas, wata Gure da ƴaƴa huɗu.
Ƙofa ɗaya suke bugawa,
mai ƙofar ma ɗaya ne, haka na gina shi,
yaro mai zafin nama da ba ya zama,
ya amsa sallama, ya juya ga na baya.
Laifina ne.
Ni na aike shi rumbun bayanai
ya dubo ko kujera ta sha bakwai da mai ita.
Rumbu kuwa bai san gaggawa ba,
in ka tambaye shi, sai ka tsaya ya gama lalube.
Yaro na can tsaye. Ƙofa ba kowa.

Na dafe kai, sai ga Iya Falmata,
shekara tara da rasuwa, goro a kunci,
bakin rijiyarta ta Zango mai gaba ashirin,
a bazarar da famfo ya yi wata uku yana tarin banza.
Ban taɓa ganin igiya a hannunta ba.
Tana kan turmi a bakin zaure,
ta karɓi tulu, ta ɗaura masa tsumma, ta ce: je ki, za a kira ki.
Can ciki jikoki ke ja,
kowa da gugansa, kowa da igiyarsa.
Wanda ya cika ba ya fita neman mai tulu,
gabanta yake direwa, ya koma.
Ita ta san fuska. Ita ke kira.

Na ce, Iya, in na zuba masu ja ɗari fa?
Ta tofar da goro.
Bakin rijiyar nawa yake?
Igiyoyi su sarƙe, guga ya daki guga,
ku kwana kuna tsamo laka.

Sai na yanka zare takwas,
daidai ƙofofin da rumbu ya yarda ya buɗe mini.
Na jera su gefe, na ce: jira ne aikinku.
Na yi wa layi iyaka,
in ya cika, a gaya wa baƙo gaskiya: dawo an jima.
Wanda gugansa ya maƙale ya wuce daƙiƙa biyar,
ya saki, kada ya bi shi ciki.
Yaron ƙofa kuma na ja masa kunne:
ba kai ba igiya.
Karɓi, miƙa, ba da alkawari, juya.

Na sake tayar da ita.
Layuka suka gangaro kan allo
kamar awaki sun ji an buɗe garke.
Mai ƴaƴa huɗu ta sami bayan direba.
Wani ya fasa Tanut, wani ya dafe gurbinsa.
Zare na shida ya yi nauyi, sauran ba su ko waiwaya ba.

Ana kiran assalatu daga Birni
bututun tsakar gida ya yi kaki, ya yi kaki,
ya saki ruwa siriri kamar tsinken tsintsiya.
Na bar na'ura, na jawo jarka.

Ga ni tsugune, hannu kan famfo,
waya na ruri a ɗaki,
wani na buga ƙyaure,
ba ni da jika ko ɗaya da zan aika.