Ranar Gwanjo a Amarillo

Mai gwanjon nan ba ya numfashi.
Harshensa na gudu kamar keken ɗinki a jajibirin salla.
Kafin in ƙirga tozo uku
an sayar da maruƙa arba'in,
an buɗe ƙofa, wasu sun shigo.
Tozo na ce? Shanun nan ba su da tozo.
Baƙaƙe ne wuluk, gadon baya shimfiɗe kamar tebur,
kowanne da lamba rawaya a kunne.

Ba mai cewa albarka.
Ba mai juya baya ya yi taku uku
don a riƙo rigarsa a ce dawo mu daidaita.
Wani ya ɗaga yatsa, wani ya taɓa malafa,
sikeli ya yi magana da jar wuta a bango,
shi ke nan, ciniki ya faɗa.

Ina benci na ƙarshe da gahawar da ta huce,
makullin tirela a aljihu, sati na bakwai ba lodi.
Shekara shida ina ɗauko maruƙa daga bakin iyakar Meziko,
in tashi da hantsi, in sauke da almuru.
Sai aka ce an ga tsutsa a gyambon wata saniya
can kudu, inda ƙafata ba ta taɓa takawa ba.
Aka ja ƙofar ƙarfe, aka ɗana kwaɗo.

Eusebio ya miƙo mini wayarsa.
Maruƙan ƙanensa ne, ɗari da ashirin, a wancan ƙetaren,
suna cin harawar bashi, haƙarƙari ya fara leƙowa.
An taya su kuɗin da kunne ba ya son ji.
Nan kuwa, tafiyar yini guda,
farashi na hawa kamar mai hawan giginya.
Wani tsoho mai karsana goma sha biyu
ya cire malafa yana dariya, ido ya ciko,
tun da yake kiwo bai taɓa riƙe irin wannan takarda ba.
Ban ga laifinsa ba.
Ya sha nasa farin, ya binne nasa mushen.

Mahaifina, Jatau dillali, a karar Maigatari,
yakan buɗe baki ya duba haƙori,
ya daki cinya, ya murɗa wutsiya,
ya faɗi kuɗin bijimi, ko sule ba ya kuskurewa.
Shekarar da aka rufe hanya daga arewa
na gan shi ranar Alhamis zaune gindin turke,
turken ba igiya, aljihun ba la'ada.
Ya ce, Tanimu, iyaka ba ta da baki,
amma ta fi kowane sa ci.
Ina ɗan shekara tara, rake nake sha,
na ce to.
Sai da na ƙetare teku maganar ta iske ni.

Jiya Barira ta aike ni shagon Basomale.
Na daɗe gaban gilashi ina karanta kuɗin nama,
na dawo da kaza.
Ba ta ce komai ba, ta ci gaba da yanka albasa.
Nafi'u ya tambayi yaushe za mu sake gasa tsire a bayan gida.
Ni da na goya shanu dubu nawa a bayana,
na ce masa sai iska ta lafa.

Guduma ta sake faɗuwa.
Muka fita, ni da Eusebio, ba mai magana.
Iskar filin nan ba ta da abin karo,
ta kwaso warin kashin shanu ta watsa mana a fuska.
Na tsaya na shaƙa sosai.
Wannan kam ba a tambaye shi takarda ba,
yadda na bar shi a Maigatari haka na same shi.

Na hau mota na tayar don kada batir ya mutu.
Tirela na ƙara a bayana, fayau,
kamar ƙwaryar nono da aka wanke aka kife.