Jinyar Gyare

Shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya,
na tari kan masu shigowa, na riƙe hannun masu fita,
ban taɓa zaton abin da ke jirana bayan ritaya
shi ne raya gyare arba'in a tsohon bokitin fenti ba.

Rumasa'u ce ta bar mini.
Ranar da za ta tafi bautar ƙasa
ta dire akwatin gilashi kusa da keken ɗinkina,
ta ce, "Umma, ga Hajiya Takwas.
Ba ta cizo sai an tsokane ta.
Gyare biyu a mako, shi ke nan."
Na leƙa: tautau mai gashi, faɗin tafin hannuna,
ta tsuguna a bakin raminta kamar mai bin bashi.

Shi ke nan, wai.
Ba ta gaya mini mai cin ba ta da rigima ba,
abincin ne ke da wuyar sha'ani.

Sanyin Agusta a Jos ba ya raga wa gyare.
Daren da aka ɗauke wuta a Gangare
ƙwan fitilar da ke ɗumama su ya huce,
da asuba na ƙirga tara, ƙafafu a sama.
Na zuba musu ruwa a murfin kwalba,
uku suka nutse
a ruwan da ko farcena bai rufe ba.
Yanzu auduga nake jiƙa musu,
yadda nake jiƙa leɓen majinyacin da ya kasa haɗiya.

Na yayyaga kwalin ƙwai na yi musu ɗakuna,
don in suka rasa maɓoya, junansu suke ci.
Ran Talata a Farin Gada
ina tsintar ƙananan karas da ganyen kabeji,
Tanimu mai kayan lambu ya ce,
"Hajiya, kiwon zomo aka fara?"
Na ce e.
Allah ya yafe mini.

Kwana uku ba shara, bokiti ya ɗau wari.
In kwashe gawa da cokalin shayi,
in barbaɗa dusar kaji, in mayar da murfi mai huji.
Da dare su cika ɗakin da kuka,
har na daina kunna rediyo.

Sai Juma'a in ɗauki hantsaki
in zaɓi wanda ya fi ƙiba,
wato wanda jinyata ta fi karɓa.
Ba na tsayawa kallo.

Makon jiya Hajiya ta ƙi ci.
Shekaranjiya na same ta a rigingine,
ƙafa takwas sun dubi rufi,
gyaren da na jefa mata yana zagaya ta.
Na san wannan kwanciyar, na gan ta sau da yawa.
Na buga waya Abakaliki, muryata na rawa.
"Umma, kar ki taɓa ta! Saɓa take yi.
Ki cire gyaren maza,
yanzu jikinta ya fi awara laushi,
shi zai iya cinye ta."

Ashe akwai sa'ar da loma ke fin baki ƙarfi.

Na sa hantsaki na kamo shi,
hannun da bai taɓa kuskuren jijiya ba
sai ga shi ya yi sako-sako.
Tsalle ɗaya, ya shige bayan kabad.

Da safe Hajiya ta fito sabuwa fil,
tsohuwar rigarta yashe a gefe
kamar ta wanda ya warke ya manta kayansa a gado.

Rumasa'u ta tambaya, "Saura nawa?"
Na ce goma sha bakwai.
Ban sa da na bayan kabad ba.
Kullum bayan isha'i nakan tura masa yankan karas
a kan murfin kwalba, da auduga jiƙaƙƙiya,
shi kuma ya yi ta rera abinsa har asuba.

Wannan kam na sallame shi.